Amsoshin Wasiƙunku: Daga Kano Zuwa Kaduna a Jirgin Sama, Minti Nawa Ne?

 

Wasiƙar farko da muka ɗauko yau ta fito ne daga Likoro, cikin ƙaramar hukumar Kudan a Jihar Kaduna. Mai wasiƙar manomi ne, yana kuma ɗan taɓa fataucin hatsi. Ya roƙe mu kada mu ambaci sunansa, to mun ji, za mu riƙa ce masa Malam. Ga abin da ya ce a taƙaice. Mahaifiyarsa tana Kano wurin ƙanwarsa, ciwon ido ya matsa mata, likita ya rubuta musu takarda su kai ta asibitin ido na ƙasa da ke Kaduna, har an ba su rana. Tsohuwa ce, ga ciwon baya, ba ta jure dogon zama a mota. Ɗansa ya yi lissafi ya ce masa ai jirgin sama minti 15 kacal zai yi daga Kano zuwa Kaduna. Saboda haka ya ƙudurta zai kai sa ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu kasuwa, ya sayar, ya yanki tikitin mutum uku. Shi ne yake tambaya: nisa nawa ne tsakanin filin jirgin saman Kano da na Kaduna, kuma da gaske ne minti 15 ake yi?

To Malam, da farko Allah ya ba Inna lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri bisa wannan niyya. Amma ka mayar da san nan turkensa tukuna, ka ba mu aron kunnuwanka.

Mu fara da nisa. Idan aka ɗauko taswira aka ja layi miƙe sak daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin saman Kaduna, za a sami kilomita 200, ko ƙasa da haka da ɗan ƙiris. Dattawan da suka saba da lissafin mil, wannan mil 124 ke nan. Matuƙan jirgi kuma suna da nasu mil ɗin daban, wanda suka ara daga ma'aikatan jirgin ruwa, ya fi namu tsawo, kowane ɗaya kilomita 1.852 ne. A nasu awon, tafiyar mil 108 ce. Mun kawo wannan ne don in ka ji mutum uku sun ba ka lamba uku, kada ka ce wani ya yi ƙarya. Mudun awonsu ne ya bambanta.

A mota kuwa, hanya ba ta miƙewa haka. Daga Kano zuwa Zariya kilomita 150 ne da ɗori, daga Zariya zuwa Kaduna wajen 80, ka ga an tasam ma 230 zuwa 240. Wato duk abin da jirgi ya rage maka na nisa bai wuce kilomita 30 zuwa 40 ba, domin hanyar Kano zuwa Kaduna ba ta cika lanƙwasa ba.

Ga wani abu da zai ba ka sha'awa. Layin nan da muka ce a ja a taswira, ta kan Zariya yake ratsawa, kusan daidai. Daga filin jirgin Kano zuwa na Zariya wajen kilomita 137 ne, daga na Zariya zuwa na Kaduna kuma 63. Haɗa su ka gani. Likoro kuwa ai maƙwabciyar Zariya ce ta ɓangaren hanyar Kano. Ashe ke nan da Inna za ta hau jirgin, ta saman yankinku za a wuce da ita. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai batun minti 15. Yaronka a ba shi makinsa, ya iya lissafi. Manyan jiragen fasinja irin su Boeing 737 suna gudun kilomita 800 zuwa 850 a awa ɗaya. In ka raba 200 da 800, rubu'in awa za ka samu, minti 15 ke nan cif. Inda gizo ke saƙar shi ne, jirgi ba ya yin wannan gudu sai ya hau can ƙololuwa, sama da ƙafa 30,000, inda iska ba ta da kauri. Hawan nan kuwa yana cin lokaci, yana cin nisa. Saukowa ma haka. Matuƙa suna da wani ƙiyasi da suke bi: duk ƙafa 1,000 da za su sauko, suna bukatar tafiyar mil uku irin nasu, wato wajen kilomita biyar da rabi. To jirgin da ke ƙafa 30,000 sai ya fara gangarowa tun yana da saura fiye da kilomita 160 ya isa. Tafiyar duka kilomita 200 ce. Ina filin hawa, ina na sauka? Dole matuƙi ya tsaya a tsaka-tsaki, yana gama hawa ya fara shirin sauka. Ka ɗauka direba ne ya fito daga tasha, bai kai ga sa giya ta biyar ba sai ga kwanar da zai shiga.

Bugu da ƙari, a ƙa'idar da ake bi a wurare da yawa, jirgin da ke ƙasa da ƙafa 10,000 ba ya wuce gudun kilomita 460 a awa. Sa'an nan jirgi yana son ya fuskanci iska lokacin tashi da lokacin sauka. In iskar ranar ta sa ya tashi yana kallon wani gefe daban, sai ya yi kwana a sama kafin ya kama hanyarsa. Can ma wurin sauka sai ya zagayo ya daidaita da titi, in kuma akwai wani jirgi a gabansa, ma'aikatan hasumiya su ce ya dakata.

In aka haɗa duk wannan, babban jirgi zai yi minti 25 zuwa 30 a sama tsakanin Kano da Kaduna. Mai farfela, wanda gudunsa ke wajen kilomita 500 a awa, zai yi minti 35 ko kusa da haka. Ka lura bambancinsu kaɗan ne, domin a gajeriyar tafiya mai gudu ba ya samun filin nuna gudunsa. Daga rufe ƙofa a Kano zuwa buɗe ta a Kaduna kuwa, har da 'yar tafiyar da jirgi ke yi a ƙasa kamar mota kafin ya hau titin tashi, ka sa minti 45.

Ƙananan jiragen nan da kuke gani suna shawagi a kanku kuna cikin gona, suna tafiya suna dawowa kamar shirwa, akasarinsu na makarantar koyon tuƙin jirgin sama ne da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964. Ɗalibai ne ke koyo. Irin waɗannan gudunsu bai fi kilomita 200 da 'yan kai a awa ba, su kam sai su yi awa guda tsakanin Kano da Kaduna. Kada kuma wani ya ce maka ka je filin Zariya ka yanki tikiti. Filin koyo ne, ba tashar fasinja ba ce irin ta Kano.

To Malam, mu ajiye lissafin sama, mu zo na ƙasa, don shi ne zai taɓa bayan Inna. Za ta fito daga gidan ƙanwarka a mota zuwa filin jirgi, mu ce rabin awa in babu cunkoso. Kamfanonin jirage kan ce fasinja ya iso da awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin tashi, saboda awon kaya, da duba katin shaida, da binciken jami'an tsaro. Duk wannan lokaci a kan kujera za ta yi shi, kujerar da ba a kishingiɗa a kanta. Sai hawa matakalar jirgi, wanda ga mai ciwon baya da raunin gani ba ƙaramin aiki ba ne, ko da yake in an nema tun da wuri ana ba da keken tura marasa lafiya. Sai minti 45 ɗin nan. Sai jiran kaya, minti 20 ko 30. Filin jirgin Kaduna kuma, wanda aka buɗe a 1982, ba cikin gari yake ba, yana can arewa maso yamma, fiye da kilomita 20 daga tsakiyar gari, sai an sake ɗaukar mota. Ka tara da kanka. Awa huɗu ta tafi, wataƙila da rabi. Ƙaramar mota mai lafiya kuwa, in ta tashi daga ƙofar gida a Kano, awa uku zuwa uku da rabi ta isa Kaduna idan hanya ta yi kyau.

Wannan fa duk in an sami jirgin ke nan. Gaskiyar magana, Kano zuwa Kaduna ba hanya ce da kamfanoni ke rububinta ba. Dalili kuwa a fili yake. Jirgi ya fi shan mai lokacin tashi da hawa. Kowace sauka akwai kuɗin da ake biyan hukumar filin jirgi, tayoyi da birki suna ci, injin ma ana ƙidaya masa yawan tashi kafin a kai shi gyara. Duk wannan sai an biya, ko tafiyar kilomita 200 ce ko 800. Shi ya sa kuɗin kujera a gajeriyar tafiya ba ya sauka yadda mutum zai zata, su kuma fasinja suna ganin ga mota a Unguwa Uku, ga ta a Kawo, kowane lokaci tana lodi. A zamanin kamfanin Nigeria Airways, wanda ya daina aiki a 2003, jirgi kan taso daga Legas ya yada zango a Kaduna ya ƙarasa Kano, a nan ne mutane suka riƙa yin wannan 'yar tafiya a sama. Dattawan da suka ba ka labarin sun taɓa yi, ba ƙarya suka yi ba. Amma yau in ka je neman tikiti, kada ka yi mamaki in aka ce maka sai dai a kai ku Legas tukuna, ku sake wani jirgin ku dawo Kaduna. Tafiyar kilomita 200 ta koma kusan 1,500, kuɗi ya ninka, yini ya tafi. 

Akwai kuma hazo. Kai manomi ne, ba sai an gaya maka yadda yake rufe gari daga Disamba zuwa Fabrairu ba. Kano da Kaduna duk suna fama da shi. In ya yi kauri har matuƙi ba zai hango titi daga nisan da doka ta yanka ba, sai a jinkirta tashi, ko a soke shi ɗungurum, ko jirgi ya je ya kasa sauka ya juya. Da damina kuma hadari ne ke sa a jira. Wanda likita ya ba rana, bai kamata ya rataya ranar a wuyan abin da hazo ke iya tsayarwa ba.

Shawararmu ita ce ka koma kan layin nan da muka ce ka riƙe. Allah ya ajiye gidanka a tsakanin garuruwan biyu. Ka ɗauki shatar ƙaramar mota, wadda ka san direbanta, mai natsuwa, ba mai tsere da iska ba. A kwantar wa Inna kujerar gaba, a sa mata matashi a ƙugu. Ku tashi daga Kano bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, kwana biyu kafin ranar asibiti. Wajen awa biyu kun iso Likoro, in ta gaji a hanya a tsaya a Kwanar Dangora ko Tashar Yari ta miƙe ƙafa, abin da ba a yi a jirgi. Ta kwana a ɗakinta, ta ga jikokinta, ta ci tuwon gida. Kashegari ku ƙarasa Kaduna, tafiyar awa ɗaya da rabi ko makamancin haka, ku kwana can wurin 'yan'uwa, da safe ku kama layi da wuri. Ka ga babu inda ta zauna fiye da awa biyu a jere. Kuɗin shatar nan, zuwa da dawowa, da 'yan buhunan hatsi za ka biya shi. Sa kuwa in ka sayar da ɗaya, ɗayan ba ya jan garma shi kaɗai, kuma kuɗin da ka karɓa da rani ba zai sayo maka irinsa ba idan ruwa ya sauka kowa na nema. Ga kuɗin magani da na aiki suna jiranka a gaba, nan ne ya kamata ƙarfinka ya tafi.

Har ila yau, ko da wani ɗan'uwa mai hali ya ce zai biya mata jirgi wata rana bayan an yi aikin, a tambayi likita tukuna. Akwai aikin ido da ake sa wa mutum wata iska a cikin ƙwayar idon don ta danne inda aka gyara. Mai irin wannan ba ya hawa jirgi sai iskar ta baje, domin a sama tana kumbura, tana iya jawo asarar idon gaba ɗaya. Ba kowane aikin ido ne haka ba, likitan da ya yi shi ne zai faɗa.

Kada jama'a su ce mun kushe jirgi. Ga wasiƙa ta biyu daga Ikara, ta wani Alhaji mai safarar tumatir da tattasai zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Ya ce sau da yawa kayansa kan riga shi isa, ya tarar an sayar a farashin da bai gamsu da shi ba, shi ne yake so ya riƙa loda mota ya bi ta sama ya tarbe ta. Yana tambaya, Kano ya kamata ya hau ko Kaduna?

To Alhaji, kai kam jirgi na iya yi maka rana. Daga filin Kano zuwa na Murtala Muhammad da ke Ikeja, kilomita 835 ne a miƙe, jirgi kan yi wajen awa ɗaya da rabi. Daga Kaduna kuwa kilomita 635 ne, awa ɗaya da minti 10 zuwa 15. A ƙasa, Kano zuwa Legas tafiyar kilomita 1,000 ce ko fiye, motar fasinja sai ta kwana a hanya, babbar mota mai kaya kuwa kwana biyu ko fiye. A nan ko ka haɗa da awa biyun jira, da cunkoson Legas, ka riga kayanka isa da tazara mai yawa.

Malam na Likoro, ka kira yaronka ya ji wannan. Bambancin nisa tsakanin tashi daga Kano da tashi daga Kaduna zuwa Legas kilomita 200 ne, daidai da wancan da muka yi ta magana a kai, don Kaduna kusan a kan layin take. Bambancin lokaci kuwa minti 15 zuwa 20 ne. Ga minti 15 ɗinsa nan sun fito. Jirgin da ya riga ya hau sama ya saki gudu, shi ne ke cinye kilomita 200 a rubu'in awa.

Saboda haka Alhaji, kada ka zaɓi fili don minti 15. Ka duba wanne ne ke da jirgi a ranar da kake so da lokacin da kake so, wanne ya fi maka sauƙin zuwa daga Ikara, kuma nawa ne tikiti, don farashinsa yana hawa yana sauka, wanda ya saya da wuri yakan fi samun rangwame. Kano ta fi yawan jirage, in ɗaya ya ɓaci kana da damar samun wani. Ita ce ma tsohuwar tasha: tun a watan Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka iso Kano daga Masar bayan sun yi kwanaki suna yada zango, a 1936 kuma aka fara jigilar yau da kullum. Ka sayi tikiti a ofishin kamfani ko wurin wakilin da aka sani, sunan da ke kan tikiti ya zama daidai da na katin shaidarka, harafi da harafi. Kaya kuma abin da ake yarda ka shiga da shi kyauta wajen kilo 20 ne, wasu kamfanoni ƙasa da haka, wasu sama kaɗan, abin da ya ƙaru sai ka biya a kan kowane kilo. Kwandon tumatir dai ya bi mota. Sa'an nan ka zauna da alƙalami ka ga ko abin da kake tsira da shi in kana tsaye a kan kayanka ya fi kuɗin tikiti. Lokacin da tumatir ya yi tsada zai fi, lokacin da ya cika kasuwa kuwa wataƙila gara ka tura yaro amintacce ya bi motar.

Maniyyata aikin Hajji daga Makarfi da Kudan su ma sukan aiko da irin wannan tambaya, bari mu ba su amsa a gurguje. Kano zuwa Jidda wajen kilomita 3,400 ne a miƙe, tafiyar awa huɗu da rabi zuwa biyar idan an bi ta saman Chadi da Sudan. A 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarta, sai da jiragen alhazai suka riƙa zagaye, lokaci ya ƙaru, kuɗi ma ya ƙaru. Ku tuna kuma agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu. In kun tashi ƙarfe 10 na dare kuka sauka agogon can ya nuna 5 na asuba, awa biyar kuka yi, ba bakwai ba.

Malam na Likoro, a gaida Inna da jiki. In kun dawo daga Kaduna ka rubuto mana mu ji yadda aka yi da idon.